Ruwan lagireto na raguwa, ga ƙauri daga bonet: in yarda a cire tamostat?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, 'yar Kwatano. Kusan wata guda ke nan ruwan lagireto yana raguwa, duk bayan kwana biyu ko uku sai na ƙara, amma ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Kwanan nan kuma in na tsaya a cunkoso sai in ji ƙauri yana tasowa daga bonet. Allurar zafin inji dai ba ta wuce tsakiya ba. Bakanikena ya ce tamostat ne, a cire shi a haɗa fanka dairet, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Mako mai zuwa zan kai iyali Sakkwato daga Zariya, kuma hankalina bai kwanta ba. Ko gasket ne ya ƙone?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka hau hanyar Funtuwa da Gusau da iyali sai an gano inda ruwan nan yake bi. Lafiyayyar mota takan yi watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. Rashin ganin ɗigo a ƙasa kuma ba shaida ba ce, domin ƙaramin tsagu ba ya buɗewa sai inji ya yi zafi, ruwan ya faɗa kan ƙarfe ya ƙone tun bai kai ƙasa ba. Mai yiwuwa shi ne ƙaurin da kake ji.

Fara da hancinka. Ƙauri mai zaƙi-zaƙi, irin na sukarin da ya kama, na ruwan lagireto ne, in dai akwai sauran kulan (ruwan sanyaya inji mai launi) a ciki. In ka fi jin sa a cikin mota, gilashin gaba yana yin raɓa mai maiƙo, ka sa hannu ka taɓa kafet ƙarƙashin dashbod; in ya jiƙe, ƙaramin lagireton hita ne ya huje. Ƙauri mai ɗaci da ɗan hayaƙi yawanci baƙin mai ne ke tsatsafowa daga gasket ɗin marfin inji yana sauka kan bututun salansa, matsala ce daban. Ƙaurin roba ya sa ka duba bel da watafamfo. In kuwa na waya ne ko leda, kashe mota nan take, a cire kan batir.

Da asuba, kafin ka tayar da ita, ɗauki tocila. Bi gaɓar da tankin roba na saman lagireto ya haɗu da alminiyom, nan ne tsofaffin lagireto suka fi tsagewa. Bi bakin kowane tiyo, ka leƙa ƙarƙashin watafamfo. Abin da kake nema busasshen ɓawo ne, fari ko ja-ja, ko layin tsatsa da ya gangaro. Sannan ka juya marfin lagireto ka dubi robarsa. Marfin nan ana raina shi, alhali lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1, ita ce matsin da yake riƙewa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma kulan da aka haɗa rabi da rabi, ƙarƙashin matsin marfi mai kyau, yana haura 120 bai tafasa ba. Da zarar robar ta mutu, ruwa zai riƙa tsere ta robar ajiya, wato 'yar robar rarar ruwa da ke haɗe da lagireto, kana cikin tafiya, ba ka gani.

Batun gasket ɗin da kake tsoro kuwa, wato wanda ke liƙe kan inji da gangar jikinsa, alamun ƙonewarsa sanannu ne: farin hayaƙi daga salansa wanda ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, kumfa na ta tasowa a bakin lagireto in ka tayar da ita a sanyaye marfi a buɗe, tiyon sama ya yi tauri cikin 'yan mintoci, inji na rawa da safe, ko ƙasan marfin baƙin mai ya koma launin shayi mai madara. Ba ka ambaci ko ɗaya ba, don haka akwai kyakkyawan zato. Amma kada wanda ya kwance maka kan inji da zato. A sa famfon gwaji a bakin lagireto, a hura zuwa lambar da ke kan marfi, a jira minti 15. In allurar famfon ta sauka, akwai ɓula, kuma galibi za ka ga ruwan yana fitowa da idonka. In ta sauka ba a ga komai a waje ba, sai a yi gwajin ruwan nan shuɗi da ke komawa rawaya idan hayaƙin inji yana shiga lagireto.

Yanzu maganar bakanikenka, wadda kullum sai na ji irinta, kuma tana ci mini rai. Ka tambaye shi: tamostat shan ruwa yake yi? Ɗan bawul ne da ke rufe hanya har inji ya ɗumama, a motarka yakan fara buɗewa wajen digiri 82. Da ya buɗe, ya bar ruwa ya wuce. To ta ina cire shi zai toshe ɓula? An bar jaki ana dukan taiki. Zancen ƙasar sanyi kuma ba shi da tushe. Ana sayar da Corolla sabuwa a Saudiyya da Dubai, inda zafi yakan kai digiri 45, kuma da tamostat ɗinta take zuwa. Makka ta fi Zariya sanyi ne?

Ga abin da ke faruwa in an cire. Inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da sanyin asuba lokacin hunturu ko a kan buɗaɗɗiyar hanya. Kwamfutar mota tana ganin inji a sanyaye, sai ta ci gaba da ba shi fetur fiye da kima. Ka ga kuɗin mai ya ƙaru, kuma rarar fetur ɗin tana wanke maiƙon jikin silinda, ta gangara ta tsinka baƙin mai. Danshin da ya kamata zafi ya kora daga cikin inji ya zauna, ya zama dagwalo. A hankali ringin fistin ya cinye, a ce maka motar ta fara shan mai, ba wanda zai tuna ranar da aka jefar da tamostat a bayan gareji. Akwai kuma abin da yawancin masu cirewar ba su sani ba: a injuna da dama, tamostat in ya buɗe hanyar lagireto yana rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji kai tsaye. In babu shi, wani ɓangaren ruwan zai yi ta zagaye ba tare da ya shiga lagireto ba. Ma'ana, a tsananin zafi da kaya, motar da aka cire wa tamostat tana iya yin obahitin, wato zafin da ya wuce kima, wanda ake gudu.

Fanka dairet ma haka. An yi ta ne ta tashi in zafi ya kai, ta tsaya in ya sauka. Ka sa ta juyawa daga tayarwa har kashewa, ɗan injin da ke juya ta zai mutu da wuri, sau da yawa kuma ana haɗin ne da guntuwar waya ba fiyus, a naɗe da salatif. Irin wannan haɗin na iya kawo gobara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan aikin yana ɓoye cuta. Allura za ta kwanta ƙasa, ka ce Alhamdu lillahi an gyara, alhali ruwa na ci gaba da zuba. Kuma na'urar da ke auna zafi sai tana cikin ruwa take faɗin gaskiya. In ruwa ya yi ƙasa sosai ta tsaya a iska, allura na iya nuna daidai yayin da kan injin alminiyom yake gasuwa har ya lanƙwashe. Nan ne gasket ɗin da kake tsoro zai ƙone da gaske. Tamostat yana lalacewa, ban musa ba, yakan maƙale a rufe. Gwajinsa tukunya ce da ruwan zafi: a jefa shi, in bai buɗe ba kafin ruwa ya tafasa, a sayi sabo a mayar. 'Yan'uwana bakanikai, mu ji tsoron Allah, motar da mutum ya kawo amana ce, abin da ba mu gane aikinsa ba mu tambaya kafin mu yar.

Bayan an toshe ɓular, a wanke hanyar ruwan a zuba kulan na gaske. Ruwan rijiya da na burtsatse da kake ƙarawa suna barin ɓawo da tsatsa, su toshe siraran bututun lagireto, su ci watafamfo. Kada a zuba ƙwai ko wani gari da sunan liƙe ɓula. Ragowar kulan a ɓoye shi nesa da yara da dabbobi, yana da zaƙi amma guba ne mai kashe ƙoda. Kuma ko me ya faru a hanya, kada ka buɗe marfin lagireto inji na da zafi, ka jira har sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu.

Kafin tafiyar, ka yi kwana uku kana yawo da ita a gari, ka sa alama a jikin robar ajiya, kana dubawa kowace safiya inji a sanyaye. In ruwan bai motsa daga alamar ba, bismillah. In ya sauka, ajiye ta ku hau motar haya.