Kafin ka jefa fatsa a gulbin Argungu

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka ɗaga ƙafa. Ka ce tunda aka turo ka aiki Argungu sha'awar kamun kifi ta kama ka, har ka sayi sandar fatsa ta zamani mai naɗe zare. Yanzu kana neman wani lungu na gulbi inda ba masu wanki, ba hayaniyar yara, ka zauna kai kaɗai ranar hutu. Sai ka ƙara da cewa ko dole ne ka nemi izinin wani, tunda ruwa na Allah ne.

Ruwa na Allah ne, ƙasa ma tasa ce, amma ba ka shiga gonar mutum ka karya rake da wannan hujjar. A ƙasar Kabi kowane gurbi yana da suna, yana da gidan da ke kula da shi tun kaka da kakanni. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta, kuma a ƙauyukan bakin gulbi za ka tarar da dattijon da ba a buɗe su, wato kamun kifi, sai da yawunsa. Don haka amsata ita ce e, sai ka tambaya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ruwa ba ya tsami banza. In ka ga wuri mai kyau a bakin gulbi, ga inuwa, ga zurfi, kifi na ta tsalle, amma babu kowa, to mutanen garin sun riga ka ganinsa, da dalili suka bar shi. Sau da yawa gurbi ne da aka rufe. Idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, kifi kan taru a wurare masu zurfi, sai a hana taɓa su har ranar da za a yi shela, gari duka ya fito da homa da gora a yi su tare. A ranar ne marar jirgi da marar taru suke samun rabonsu na shekara. Gulbin Matan Fada da kake gani a tsakiyar harkar bikin kamun kifi, wanda ake lissafin farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, wannan dokar ce ta raya shi. Ba don ana kame hannu a bar ruwan ya huta ba, da ba a ga giwan ruwan da sai ƙarti sun ɗauka. Baƙon da ya zauna a rufaffen gurbi da fatsarsa, ko tarwaɗa ɗaya ya cire, hakkin gari guda ya taɓa, kuma za a daɗe ana nuna shi da baki.

Wani wurin kuwa mata ne ke wanka a can, shi ya sa maza ba sa bi. Wani kada ne, wani laka ce mai riƙe ƙafa. Abin da ya fi ba ni tsoro a kanka shi ne mamari: doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ake shimfiɗawa cikin ruwa, daga sama ba ka ganin komai sai ɗan gora ko kara a tsaye. Zarenka ya sarƙe, ka ce bari ka shiga ka kwance, ƙugiyoyin su kama maka wando da fata, kai kaɗai a inda ba mai jin ihunka. Kuma in ka ga gura ko kalli an kafa, kada ka ɗaga ko don ka leƙa. A wurin masunta taɓa kayan kamun wani sata ce, ko ba ka ɗauki komai ba.

Ga yadda ake yi. Ka samu masunci ɗaya a unguwarku, ko cikin masu kawo kifi kasuwa, ka ce ya raka ka wurin mai kula da ruwan yankin da kake so. Ka riƙa goro, ka tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ka gaishe shi da sarautarsa. Ka faɗi sunanka da na mahaifinka da inda kake aiki, ka ce fatsa ɗaya gare ka, na miya kake nema, ba na sayarwa ba. Da wuya a hana mai irin wannan magana. Galibi ma yaro za a haɗa ka da shi ya nuna maka wurin da kai da kanka ba za ka gano ba, ya kuma faɗa maka inda ba a zuwa. Ranar da Allah ya ba ka babba, ka aika wa dattijon da kasonsa. Za ka ji ana zancen gyaran ruwa da fashin ruwa da abubuwan da aka gada daga magabata. Ba wanda zai sa ka shiga abin da zuciyarka ba ta natsu da shi ba, amma kada ka yi musu dariya a zaurensu.

In an ba ka zaɓi, nemi kwanar gulbi ta wajen da ruwa ke cin gaɓa, can ne zurfi yake, ko gindin itacen da ya faɗa ruwa, ko bakin bado. Karfasa da sassafe take ci, tana ta ishe ta. Tarwaɗa sai rana ta yi sanyi, kuma hanjin kaza na jawo ta. Kurungu in ya zo ka kula da ƙayoyinsa, minjirya kuwa kada ka kama ta da hannu, ka yanke zaren kawai. Da damina kifi na hawa fadama ya yi ƙwai, sai ka haƙura zuwa kaka. Ƙanana ka mayar da su ruwa. In wani ya ba ka shawarar zuba guba irin Gamalin ko magimfa don kamu ya yi sauri, ka rabu da shi, domin ruwan nan ne ƙauyukan ƙasa da kai suke sha, su da dabbobinsu.

Gulbin kuma ba kamar na lokacin ƙuruciyarmu yake ba. Dam ɗin Goronyo na kan Rima, na Bakolori na kan gulbin Sakkwato, in aka saki ruwa yakan ƙaru ko ba a yi hadari ba, don haka kada ka tsallaka tsibirin yashi ka zauna. Ka guji tsayawa cikin ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya. Ka bar wa makiyaya mashayarsu. Kullum ka faɗa wa wani inda za ka, kuma magariba ta same ka a cikin gari.

Idan ka je wurin dattijon, ka rubuto mini sunan gurbin da ya ba ka da abin da ya ce game da lokacin buɗe su na bana. Ka gaishe mini da mahaifiyarka in kun yi waya.

Kawunka.