Amsa ga Maman Sadiq kan cire kuɗi alhali tana karɓar Universal Credit, tallafin gwamnatin Birtaniya ga masu ƙaramin ƙarfi

Maman Sadiq, kin ce gadon da kika ci ya kai ajiyarki fam 9,000, kina tunanin ki riƙa cirewa kaɗan-kaɗan kina ajiyewa a gida don kada tallafinki ya ragu. Gaskiya dabarar nan ba za ta fisshe ki ba. A wajen DWP, ma'aikatar da ke biyan tallafin, kuɗin da ke cikin akwati ƙarƙashin gado da na banki duk ɗaya ne, dukiyarki ce.

Abin da bai wuce fam 6,000 ba, ba a taɓa miki komai. Daga nan zuwa 16,000, kowane fam 250 yana rage fam 4.35 a wata, kin ga naki zai zama fam 52.20 ke nan. In ya haura 16,000, tallafin ya tsaya. Na maigida ma ana haɗawa da naki.

Cire kuɗi ba laifi ba ne, amma za su iya neman takardar banki su tambayi ina ya tafi. Biyan bashi da sayen abin da hankali zai ɗauka, kamar firji ko injin wanki, doka ta yarda. Inda ake shiga uku shi ne kyauta: ki tura wa ƙaninki dubu uku a Kano, su ce don tallafi kika rabu da su, su ci gaba da lissafi kamar suna hannunki.

Ki shaida musu gadon yau ta asusunki na Universal Credit a intanet, ki riƙa adana rasit, ko a gwangwanin biskit ne. Citizens Advice kuma, ƙungiyar taimakon jama'a, kyauta suke ba da shawara.