Ina sa tabarau kuma ni AS ne, zan iya koyar da tuƙin jirgi?

Salam Malam, na gama kwas ɗin matuƙin jirgi a kwalejin Zariya, lasin CPL (na tuƙin jirgi a matsayin sana'a) yana hannuna, yanzu kuma koyarwa nake son yi. To ina sa tabarau, jinina AS, gashi kwanan nan hawan jini ya fara leƙo ni. Wani abokina ya ce a Amurka mai koyarwa ba ya ma buƙatar takardar likita, wai in yi shiru da maganar kawai. Daga mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Wa'alaikassalam ƙanena. Abokin naka rabin zance ya ji. Eh a Amurka idan ba malamin ne ke da alhakin jirgin ba, dokarsu ba ta neman takardar, amma in ɗalibi sabon shiga ya ɗauka dole ya cika sharaɗin lafiya, galibi ta hanyar riƙe aƙalla takarda mai daraja ta 3, wato mafi sauƙin sharuɗɗa. Kai kuwa a nan kake, ƙarƙashin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kuma CPL ɗinka ba ya aiki sai da takardar lafiya mai daraja ta 1, wadda ake sabuntawa duk wata 12, wasu ma in shekaru suka ja ta koma wata 6. Kuma ba kowane likita ke ba da ita ba ko da babban kwansoltan ne, sai wanda hukumar ta amince masa ya duba matuƙa.

Tabarau ba komai, in dai da shi kowane ido na ganin 6/9 a gwajin allon ido, biyun a haɗe 6/6, sai ka riƙa ajiye tabarau na biyu kusa. AS ma ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce galibi ba ya hana mutum, ciwon sikila kansa ne matsala.

Hawan jinin ne nake so mu tsaya a kai, don wallahi shawarar nan ta yin shiru ta tayar min da hankali. Ka tuna wa ke gefenka a sama, yaro ne da bai fi awa 10 da fara tashi ba, in jiri ya ɗebe ka lokacin sauka wa zai karɓa? Ai kai ne madogararsa. Kuma abin ba ya ɓoyuwa, za a auna jinin, a yi gwajin zuciya, a duba fitsari da ji, in aka gano ka yi ƙarya a fom lasin ɗin kansa na iya tafiya, alhali mutane da yawa na tuƙi suna shan maganin hawan jini, in dai irin wanda aka yarda da shi ne kuma jinin ya daidaita.

Don Allah kafin ka biya ko sisi na kwas ɗin koyarwa, je ka ga likitan matuƙa da duk takardunka da kwalin maganin da kake sha. In ya dakatar da kai na ɗan lokaci, koyarwa a aji ba ta buƙatar wannan takardar, sai ka fara da ita kafin jinin ya sauka. Allah ya ƙara lafiya.