Tetris 99 ya ce sai na biya, mai gyara ya ce a sa wa na'urar cif. In yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Nintendo Switch na hannu, na sauke Tetris 99 tunda an ce kyauta ne. To amma duk lokacin da na danna in shiga karawa da mutane sai ya tsaya, ya ce sai na biya. Na kai wa wani mai gyaran waya, ya ce in bar masa ya sa mini cif, komai zai buɗe kyauta har wasan intanet. 'Yan kuɗin da na daɗe ina tarawa na zuba a na'urar nan, hankalina ya ƙi kwanciya. An cuce ni ne a cinikin, ko in ba shi ya yi aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, ba a cuce ka ba. Tunda shagon eShop ya buɗe maka har ka sauke wasa, Nintendo bai toshe na'urar ba, kuma wannan shi ne abin tsoro na farko a kayan hannu. Amma in tana wajen mai gyaran nan, je ka karɓo ta yau, kada ta kwana.

Tun fitowar Tetris 99, wasan jera tubala da mutum 99 ke karawa a lokaci guda, a watan Fabrairun 2019 haka tsarinsa yake: saukewa kyauta, shiga fili da sauran mutum 98 kuwa sai da rajistar Nintendo Switch Online. A asusun Amurka an daɗe ana sayar da ita dala 3.99 a wata, dala 19.99 a shekara. Akwai ta iyali, dala 34.99 a shekara, tana ɗaukar asusu 8. In kun haɗu ku takwas da ƙanne da abokan da ka yarda da su, kowa bai kai dala 5 ba. Akwai kuma gwajin kwana 7 kyauta, sai dai ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, in ba haka ba ranar da ya ƙare za a cire maka kuɗi. In da katin eShop za ka biya, ka tabbata ƙasar katin ita ce ƙasar da ka zaɓa a asusunka. Katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila ko na Afirka ta Kudu.

Sai maganar cif, wato ɗan ƙarfen da ake liƙawa a cikin na'ura don ta karɓi manhajar da Nintendo bai yarda da ita ba, wadda ta fi kowace tambaya yawan zuwa, kuma ta fi kowace ɓata wa mutane kaya.

Rajistar nan ba a cikin na'urarka take ba balle a ɓalle mata kwaɗo. Tana rubuce ne a kan asusunka, a rumbun kwamfutocin Nintendo. Duk sanda ka danna shiga wasa, can ake dubawa a ga ka biya ko ba ka biya ba. To ta yaya ɗan ƙarfen da aka liƙa a shagon bakin titi zai canza abin da ke rubuce a can? Wanda ya ce maka zai buɗe wasan intanet, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani kuɗinka yake so.

Kuma ba nan ɓarnar ta tsaya ba. Kowace Switch tana fitowa daga masana'anta da shaidarta ta musamman, da ita take gabatar da kanta duk lokacin da ta hau intanet. In Nintendo ya ga alamar an taɓa manhajar ciki ko an ɗora wasannin sata, wannan shaidar yake toshewa. Sai ka ga lamba irin 2124-4007 a fuskar na'ura, da bayanin cewa an hana ta amfani da intanet ɗinsu. Ba lallai ranar da aka yi aikin ba. Tana iya yin makonni lafiya lau, mai gyara ya riga ya ci kuɗinsa, shi ya sa za ka ji wani yana rantsuwa cewa tasa tana yi. Ka sake tambayarsa bayan wata biyu.

Ana toshewa kuma sai jita-jita ta biyo baya. A goge komai a mayar da ita kamar sabuwa: ba ya cirewa. A buɗe sabon asusu: ba ya cirewa, ai na'urar aka kama. A canza layi ko lambobin DNS, masu nuna wa na'ura hanyar isa ga shafukan intanet: shi ma ba ya cirewa, kuma wannan ya fi ban haushi, don waɗanda suka san aikin cif da gaske suna sauya DNS ne domin su hana na'urar magana da Nintendo gaba ɗaya. Na'urar da ba ta magana da Nintendo kuwa, da wa za ka kara a Tetris 99? Ka biya kuɗi an rufe maka ƙofar da ka zo nema a buɗe.

Ga haɗarin aikin kansa. Switch 'yan farko na 2017 zuwa tsakiyar 2018 ne kawai ake shiga ba tare da an farke su ba. Sauran, har da samfuran Lite da OLED, sai an buɗe an ɗiga dalma a wurare ƙanana kamar ƙwayar gero, dab da ƙwaƙwalwar na'urar. Hannu ya ɗan goce, ta mutu murus, sai a ce maka dama da matsalarta ka kawo ta.

Masu sayar da gurbi a rajistar iyali da arha su ma a yi hattara da su. Mai asusun yana iya cire ka duk ranar da ya ga dama.

In kuɗin shekara bai samu ba tukuna, akwai ƙarin da ake saya wa Tetris 99 mai suna Big Block na dala 9.99, biya ɗaya. Yana ba ka karawa da 'yan wasan kwamfuta 98 da kuma Marathon, wanda kake bugawa kai kaɗai, duk ba sai da intanet ba.

Bayan ka yi rajista, shiga System Settings, Internet, Test Connection. In ya nuna NAT, wato ma'aunin sauƙin haɗuwar layinka da na sauran 'yan wasa, a kan A ko B ka huta. D da F su ne masu wahalarwa a wasannin Switch, kuma an fi ganin su in da waya ake raba intanet. Ka zauna kusa da rauta, ka hau 5GHz in akwai, ka dakatar da duk wani abu da ake saukewa. Mazaunin da ake haɗa samfurin OLED da talabijin yana da ramin wayar intanet ta LAN, tsohon kuwa sai an sayo adafta ta USB.

A cikin wasan, sandar dama ce ke zaɓar wanda za ka aika wa shara, wato layukan tubalan da ke cika filin abokin karawa. Sabon shiga ya bar ta a Random (duk wanda ta faɗa kansa) ko Attackers (masu kawo masa hari), kada ya bi masu tarin bajo, wato lambobin da ake samu in an fitar da wasu, su ne harinsu ke ƙaruwa har ninki biyu. Gudu yana ƙaruwa in saura mutum 50, ya sake ƙaruwa a 10, don haka kafin a kai 50 tulin tubalanka ya kasance ƙasa da rabin fili.