Amsa ga mai tambaya kan mawaƙan nan masu rufe fuska

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka ya sayo riga a gwanjon Katako mai hoton wasu mutane da fuskoki kamar dodanni, kana so ka san su waye. Slipknot ke nan, na daɗe ina sauraronsu.

Mawaƙa ne 'yan Amurka, daga garin Des Moines na jihar Iowa, sun haɗu tun 1995. Su tara ne, a da kowa da lambarsa daga 0 zuwa 8, kowa da tasa fuskar, kuma sukan sauya ta idan sun fitar da sabon kundi. Kundinsu na 1999 ne ya fito da su duniya, a 2006 kuma suka ci Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka.

Amma ni wasansu a dandamali ne ya kama ni. Bayan mai ganguna, akwai mutum biyu masu kiɗa daban. Ɗayansu, Shawn Crahan, har tulun ƙarfe yake jibga da kulki. Sai Corey Taylor, mai rera musu waƙa, ya sa dubban mutane su tsuguna, a yi tsit, ya ba da alama kowa ya daka tsalle lokaci guda. Ran da na fara gani a waya, wallahi tsigar jikina ta tashi. Marigayi Joey Jordison kuwa, mai gangunansu na da, ana ɗaga shi sama da gangunansa ana juya shi, bai fasa kiɗa ba. Ya rasu a 2021.

Gaskiya ɗaya: kalamansu akwai zagi da fushi sosai. In ƙanin naka yaro ne, zauna ku saurara tare tukuna.