Muryata ta dashe garin koyon rurin deathcore

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Na jima ina koyon rurin deathcore a ɗaki, wato salon kiɗan Turawa mai nauyi da ake rera shi da ruri, irin na ƙungiyoyin mawaƙa Whitechapel da Lorna Shore. Yau mako uku ke nan muryata a dashe, magana ma da zafi. Abokaina sun ce haka ake farawa, sai maƙogwaro ya fashe yake buɗewa, in riƙa shan zuma da citta kawai. Wasu kuma sun ce duk aikin kwamfuta ne. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka dakatar da atisayen daga yau.

Masu maganar kwamfuta suna da ɗan abin kamawa. A sitidiyo ana jera murya biyu ko uku, mai kauri da mai tsini, a kan juna, ana kuma gyara bugun ganguna ya zauna daidai. Saboda haka kada ka auna mawaƙi da faifansa, nemi bidiyon wasansa a dandali. Kalmominsa suna fita? Numfashinsa yana kai ƙarshen baiti? Bayan awa guda, yana yi wa jama'a magana da murya garau? Masu jita kuma, ko mai tsirkiya bakwai ce ko takwas, ka saurari inda kiɗan ke ja baya ya yi nauyi: gwanaye suna tsayawa cak tare, ba ƙugin tsirkiya a tsakani.

Zancen "sai ya fashe" kuwa ƙarya ce mai nakasa mutum, kuma kullum sai an maimaita ta. Gwanayen nan ba da ƙarfin tsiya suke ruri ba. A saman igiyoyin murya akwai wasu naɗe-naɗen nama biyu, su da naman da ke kewaye ne ake sa su karkaɗa, iska kuma daga ciki ake sarrafa ta. Ƙarar da kake ji, makirufo da lasifika ne suka ɗaga ta. An taɓa zura wa Will Ramos, mawaƙin Lorna Shore, kyamara a maƙogwaro yana ruri, a Jami'ar Utah ta Amurka, bidiyon yana intanet, je ka gani. Kai kuwa matse igiyoyin kake yi kana tura iska da ƙarfi. Suna gugar juna, su kumbura, in an ci gaba su yi kanta irin ta tafin hannun manomi, ko jijiya ta fashe jini ya taru. Wani sai an yi masa tiyata.

Zuma da citta ba sa taɓa igiyoyin murya ko kaɗan, hanyar abinci suke bi. Alewar mura mai sanyi ɓoye zafin take yi, ka ci gaba da ɓarna ba ka sani ba. Masu tallar "maganin buɗe murya" a bakin tasha ko kasuwar Sabon Gari, wanne maƙogwaro suka taɓa leƙawa? Kuma kada ka haɗiyi asfirin don ka samu damar ruri, yana ƙara haɗarin zubar jini a wurin.

Dashewar da ta kai mako uku ta wuce jinyar gida. Je ka ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa da ke Shika a duba ka. Kafin nan ka rage magana, ban da raɗa, ban da yawan gyaran murya, ka sha ruwa sosai, ka shaƙi tururin ruwan zafi zalla na minti 10. In hunturu ne ka rufe hanci saboda ƙura.

Idan likita ya sallame ka, fara da ɗumama murya na minti 10: kaɗa leɓɓa, ko rera sauti ta cikin tsinken shan lemo. Sannan ka nemo rurin daga ajiyar zuciya mai nauyi, a hankali, kafaɗu da muƙamuƙi a sake. Minti 10 zuwa 15 sun isa a rana, da makirufo da abin sawa a kunne don kada ka yi gasa da lasifika. Da ka ji ƙaiƙayi ko zafi ko tari, ka tsaya sai gobe.