Kwastoma ya biya, amma sunan shafinsa ya mutu: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan kamfani a Sabon Gari nan Damagaram, ina ajiye wa mutane shafukan intanet, kuma da manhajar WHMCS nake lissafin kuɗi. Wata makaranta ta turo kuɗin sabunta sunan shafinta ta Airtel Money, na shiga na juya takardar biyan ta koma "an biya". Bayan mako biyu shafin ya tsaya, imel ma ya daina shiga. Me ya faru?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Littafi biyu ne a wannan sana'a: naka, wato WHMCS, da na kamfanin rajistar da kake sarin sunaye a wurinsa, irin su Enom, ResellerClub ko Namecheap. Sunan shafi ba ya ƙara ko kwana ɗaya sai abin ya shiga littafin kamfanin rajista. Aikin manhajarka shi ne ta aika musu umarni da zarar ta ga kuɗi ya shigo.

Daga bayaninka, na fi zargin yadda ka rubuta biyan. In ka canja matsayin takardar da hannu kawai, manhajar ba ta ɗaukar hakan a matsayin shigowar kuɗi, don haka ba ta aika komai. Buɗe takardar, ka shiga wurin da aka rubuta "Add Payment", ka sa adadin kuɗin cif, da kwanan wata, da lambar turawar da ta zo maka a saƙon waya. Wannan ne ke tayar da umarnin. In kuɗin da ka rubuta ya gaza ko da dala ɗaya, takardar tana nan a matsayin bashi. A nan garin namu yawancin biya ta waya ko ta kamfanonin tura kuɗi irin Nita da Amana yake zuwa, da hannu ake shigar da shi, shi ya sa wannan kuskuren ya fi kama mu.

In kuwa ka bi wannan hanyar daidai, to ka duba ajiyarka a kamfanin rajista. Daga cikinta suke cirar kuɗin kowace sabuntawa, kuma yawanci da dalar Amurka take. Ajiya ta ƙare, umarni ya je ya dawo babu biyan buƙata, kwastoma kuma yana riƙe da rasit. Manhajar takan rubuta wannan gazawa a kundin ayyukanta, ta kuma sa ta cikin jerin abubuwan da ke jiran mai gida, amma sai wanda ya buɗe ne zai gani. Sauran abin dubawa: a babban saiti, sashen sunaye, zaɓin "Auto Renew on Payment" yana kunne? Kuma a shafin sunan kansa, an zaɓi kamfanin rajistar? Sunan da aka shigar da hannu ba tare da an haɗa shi da kamfani ba, babu inda umarninsa zai je.

Yau ɗin nan ka cika ajiyar, ka buɗe sunan makarantar ka danna maɓallin sabuntawa sau ɗaya tak. Kada ka sake dannawa don ka ga ya jima, kowace dannawa da ta yi nasara shekara guda ce za a cire maka kuɗinta. Sannan ka leƙa WHOIS, wato wurin da ake duba bayanan rajistar kowane suna a intanet, ka tabbatar ranar ƙarewa ta matsa.

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da turare a kasuwar Dole. Shafina mai ƙarewa da .com ya ɓace wata biyu ke nan. Yaron da ke kula da shi ya ce sai na biya kuɗi mai yawa. Cuta ce ko gaskiya?

Amsa: Hajiya, da alama gaskiya ya faɗa miki, amma ki yi sauri. Sunan .com da ya ƙare yakan bi matakai uku. Da farko akwai sassauci da zai iya kaiwa kwana 45, ko da yake kamfanoni da yawa suna ba da ƙasa da haka. A cikinsa shafi da imel sukan tsaya, amma kuɗin shekara na kullum za ki biya. Daga nan sai lokacin fansa, kwana 30, inda ake ɗora kuɗin fansa a kan na shekara, kuma yakan ninka shi sau da yawa. Wata biyu na nufin kina cikin wannan matakin ko bakin ƙarshensa. Bayansa sai kwana 5 da babu mai iya taɓa sunan, sannan a sake shi kowa ya iya saya.

Ki sa ya nuna miki sunan a WHOIS. In kika ga kalmar redemptionPeriod, akwai sauran fansa. Ki kuma tabbatar da sunanki da imel ɗinki aka yi rajistar, ba da nasa ba. Tun 2013 dokar ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet, ta wajabta wa kamfanonin rajista su aika tunatarwa kamar wata guda kafin ƙarewa, da kamar mako guda, da kuma cikin kwana 5 bayan ƙarewa. In ba ki ga ko ɗaya ba, wataƙila wani akwatin suke faɗawa. Sunaye na ƙasa irin .ne namu kuwa, dokokinsu daban ne, kada a auna su da waɗannan kwanaki.

Tambaya: Malam, kwana nawa kafin ƙarewa ya kamata takardar biya ta fita?

Amsa: Ɗan'uwa, kowane suna a WHMCS yana da rana biyu: ranar ƙarewa da ranar biya. Da ta biyun manhajar take fitar da takarda. Barin su rana ɗaya ganganci ne, don in wuta ko intanet suka ɗauke ranar, ko ajiya ta gaza, babu sarari. A saitin daidaita sunaye da kamfanin rajista, ka sa ranar biya ta riƙa zuwa kwana 10 zuwa 15 kafin ƙarewa, takarda kuma ta fita kwana 30 kafin ranar biya. Makarantu da ƙungiyoyi sai an zagaya neman sa hannu kafin kuɗi ya fito. Kwastoma ba ya asarar komai don ya biya da wuri, domin sabuwar shekarar daga tsohuwar ranar ƙarewa ake lissafa ta, kuma .com yana karɓar har shekara 10.

Duk wannan ya dogara da agogon aikin da ake kira cron, wanda ke cikin uwar garke, wato babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta. Kowane minti 5 ake so ya motsa. In ya tsaya, babu takarda, babu tunatarwa, kuma shiru za ka ji. Saboda haka ka riƙa duba lokacin da ya yi aiki na ƙarshe, musamman bayan ka sauya uwar garke. Imel kaɗai bai isa ba a nan, ka bi shi da saƙon WhatsApp.

Sai farashi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, ba da dalar Amurka ba, kuma kamfanin Verisign, mai riƙe da babban kundin .com, ya kai sarin .com dalar Amurka 10.26 a Satumbar 2024. In ka gyara teburin farashi, sunayen da ka riga ka sayar suna nan da tsohon kuɗinsu, sai ka bi su da kayan sauya farashi a dunƙule da ke cikin manhajar kafin takardunsu su fita.